Wutar daji da dokar gabat a Sudan: abin da aka hana mu da abin da aka ba mu

Da ruwa ya ɗauke a watan Oktoba, ciyawar da ta shanye tsawon mutum a lakar Gadarif da Sinnar da Damazin ba ta ɗaukar makonni kafin ta bushe ƙayau. Sai iskar arewa ta taso. Daga nan har bazara, guntun taba ɗaya ko garwashin da mai shayi ya manta bai binne ba ya isa ya lashe kiwon shekara guda. Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na bakin kogin Rahad ko na Dindir, ko a yankin Mai Wurno, ya san jan sararin nan da ake hangowa da dare, ya kuma san yadda dattawa ke fitowa ƙofar gida su yi tsit suna lura da inda iska ta dosa.

Yawancinmu ba mu san dokar daji ba sai ta hannun gafirin gabat, wato mai gadin hukumar gandun daji, ranar da ya ƙwace gatari ko ya tare amalanken gawayi. Shi ya sa da an ambaci gabat sai a tsuke fuska. Alhali dokar fuska biyu gare ta, kuma wadda ba a cika faɗa mana ba ta fi amfani ga mai ƙaramar gona.

Mu fara da asalinta a gurguje. Turawan mulkin mallaka ne suka kafa ofishin daji tun farkon ƙarni na 20, suka yi dokokin 1932 da suka raba gandun daji tsakanin gwamnatin tsakiya da larduna. A 1986 aka fitar da sabuwar manufa wadda ta amince cewa gari ko mutum ɗaya ko wata ma'aikata na iya mallakar daji, ba gwamnati kaɗai ba. A 1989 aka mayar da wannan manufa ta zama doka, aka kuma kafa Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa, wato Al-Hai'a al-Ƙaumiyya lil Gabat, wadda kowa ke taƙaita sunanta da gabat. Sai dokar 2002 ta gandun daji da albarkatun ƙasa masu sabuntuwa ta zo ta maye gurbin na 1989, ta riƙe yawancin abin da ke cikinsu. Da ita ake aiki.

Kan maganar wuta, doka ba ta da kwana-kwana. Dajin da aka keɓe, wanda ake ce wa gaba mahjuza, ba a kunna wuta a cikinsa, ba a shiga da abu mai kama wuta, ba a hura wutar girki a bakinsa yadda za ta iya tsallakawa. Sare itace, noma da shigar da dabbobi duk sai da izini. Wanda ya saɓa yana iya fuskantar tara ko ɗauri, a kuma ƙwace kayan da aka kama shi da su. Gawayi da itace ma ba a ɗaukarsu daga wani wuri zuwa wani sai da takardar gabat bayan an biya kuɗin da aka yanka.

Akwai kuma wani nauyi da mutane ke mantawa: idan wuta ta tashi a daji, doka ta ɗora wa mutanen da ke kusa su kai labari ga hukuma su kuma taimaka a kashe. Ba sai dajinka ne ba, ba sai kai ka kunna ba. Wanda ya ce "ba ruwana, na hukuma ne" ya koma ya kwanta, a idon doka bai fita ba.

In an duba, wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Kafin a rubuta shi, aikin sarakunan gargajiya ne, su nazir da umda da shehun hilla, wato mai ƙauye. Su ke sa a yi shela da kaka, a fita nafir, abin da iyayenmu ke kira gayya, a share layin wuta, wanda Larabawa ke ce wa khaɗɗun nar. Ina yaro na je irin wannan aiki da kawuna. An raba mu gida biyu, kowane ɓangare ya kama tsiri ɗaya yana sharewa da fartanya har ƙasa ta fito fes, tsiri biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, an bar ciyawa a tsakaninsu. Ba a taɓa ashana ba sai da la'asar ta yi sanyi iska ta kwanta. Sannan aka cinna wa ciyawar tsakiyar wuta kaɗan-kaɗan, mu yara muna biye da ɗanyen reshe muna bugun duk tartsatsin da ya yi tsalle. Da na zaƙe na sha gaban harshen wutar, sai Kawu ya fizgo ni ta wuyan riga.

"Kai ɗan nan, wa ya ce maka ana tarar wuta ta gaba? Ta gefe ake cin ta."

"To Kawu, in ta tsere fa?"

"In ta tsere ta iske inda muka share, yunwa ce za ta kashe ta."

Hikimar layin wuta ke nan gaba ɗaya: wuta ta iso inda babu abin ci. A yau inda hali ya samu da tarakta ake yi, a ja disk a buɗe layi mai faɗi, kuma ofishin kula da makiyaya da ciyawa, wato mara'i, shi ke da alhakin layukan da ke filayen kiwo, gabat kuma na kewayen dazuzzukanta. Sai dai tun da gwamnatin Numeiri ta rushe mulkin gargajiya a farkon shekarun 1970, aikin ya zama marar uba. An dawo da sarakunan daga baya, amma ba da ƙarfinsu na da ba. Shehun da a da in ya yi kira kowa ke fita, yanzu sai ya yi lallashi. Ofisoshin kuma kullum kukan kuɗin mai suke, kuma sau da yawa kafin kuɗin ya fito ciyawa ta riga ta bushe, wani wurin ma ta riga ta ƙone. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya ƙara dagula lamarin: ma'aikata sun watse a wurare da dama, gas ɗin girki ya yi wuya, kowa ya koma kan gawayi.

To me zai sa talaka ya bar girbin riɗinsa ya je share layi a dajin da in ya shiga gobe za a kama shi? Nan ne ɗaya fuskar dokar ke shigowa.

Doka ta san da dajin gari, gaba sha'abiyya. Ma'anarsa mutanen hilla su ware fili, ko wanda itatuwa ke ciki tun asali ko wanda za su shuka, a yi masa rajista da sunan garin. Amfaninsa nasu ne: itacen girki, azara, ƙaro, bagaruwar jima, ciyawa, zuma. Gabat ba ta zama mai shi ba, aikinta ba da shawara, taimakawa da iri ko dashe, da sa ido kada a share wurin a mayar da shi gona. In an sayar da wani abu, kuɗin na shiga asusun gari, a gyara rijiya ko ajin makaranta. Haka kuma mutum ɗaya na iya yi wa nasa dajin rajista, gaba khassa.

Rajistar nan ita ce zuciyar maganar, kuma sai an san tarihin ƙasa ake gane dalili. Dokar 1970 ta ce duk filin da ba a yi wa rajista ba na gwamnati ne. An soke ta da dokar mu'amalolin jama'a ta 1984, amma wannan ƙa'ida ba ta tafi ba. Mafi yawan gonakin damina da dazuzzukan da ke kewaye da ƙauyukanmu ba su da takarda, gado ne da shaidar dattawa. Ga al'ummarmu ta Hausawan Sudan, da wasu har yau ke yi wa kallon baƙi, ko da kakanninta sun sauka bakin kogin nan tun bayan yaƙin Burmi na 1903, wanda Turawa suka yi da Sarkin Musulmi Attahiru a Najeriya, wannan ba ƙaramin rauni ba ne. Wata safiya sai ka ga tarakta a dajin da kakarka ke itace, mai ita riƙe da takardar mashru'i, wato babbar gonar injina. Dajin da aka auna, aka zana taswirarsa, aka kafa masa alamun iyaka, aka shigar da shi rajista, ba a yi masa haka cikin sauƙi.

Hanyar ba gajera ba ce, gaskiya. Mutanen gari su zauna su yarda, su naɗa lajna, wato kwamiti. A samu shaidar shehu da umda cewa filin ba rigima a kansa. A kai buƙata ofishin gabat na yankin, a bi ta mahalliyya, wato ƙaramar hukuma, da hukumomin filaye na jiha, a kawo masu awo. Awon nan da kuɗinsa shi ne inda garuruwa da yawa ke sarewa. Shawarata ga duk lajnar da za ta fara: kada a ɓoye wa makiyaya. In burtali ya ratsa filin, ko akwai mashaya a ciki, a faɗa tun farko a rubuta. Ko dazuzzukan gwamnati, lokacin keɓe su akan rubuta haƙƙoƙin da mutanen wurin ke da su, kamar hanyar wucewa da zuwa ruwa da tsintar busasshen itace. Dajin da aka kafa bisa toshe wa Bafulatani ko Balarabe makiyayi hanya, ba layin wutar da zai tsare shi.

Ai mun san masu kunna wutar, ba aljanu ba ne. Akwai mai ɗibar zuma da ya yi hayaƙi ya jefar da bakin wuta a gindin itace. Akwai mai gawayi da kaminarsa, wato tulin itacen da yake ƙonawa a ƙarƙashin ƙasa, ta huje ba a rufe ba. Akwai makiyayin da ke ƙona tsohuwar ciyawa don sabon toho. Akwai manomin da ke ƙona karan gonarsa da gangan don kada shanu su shigo, wanda shi ne mafi muni a ganina, don ya haɗa ɓarna da ƙeta. Sannan ga noman harik na gargajiya, inda ake barin ciyawa ta taru a ƙone ta a shuka dawa a tokar. Kowannensu yana da dalilinsa, kuma kowannensu ɗan wani gida ne da aka sani. Gafiri ɗaya a kan jaki ba zai iya da su ba. Lajnar gari da ta san cewa kuɗin ƙaron bana na rijiyarta ne, ita ce za ta iya kiran mutum da sunan ubansa.

Masu ƙaro sun fi kowa sanin zafin abin. Dakwara, wadda ake kira hashab a nan, sai ta yi shekara 4 zuwa 5 kafin a fara tsaga ta. Ana tsagar ne da ta fara zubar da ganye, wajen Oktoba da Nuwamba, daidai lokacin da wuta ke tashi, a jira kamar mako shida kafin tsinkar farko. Wata shekara wuta ta fito daga wani babban mashru'i da ke gabas da mu, inda leburori ke ƙona kara, ta shiga gonar ƙaron maƙwabcinmu ana saura kwanaki a fara tsinka. Da safe na ga dattijon yana bin itatuwan ɗaya bayan ɗaya, yana taɓa ƙwallayen ƙaron da suka narke suka yi baƙi a jikin ɓawo. Bai ce komai ba. Mai mashru'in yana birni, wakilinsa ya ce ƙaddara ce. Sudan ce ke kan gaba a duniya wajen fitar da ƙaro, kuma tun 2009 aka cire wa kamfani ɗaya ikon fitar da shi shi kaɗai. Ƙungiyoyin masu noman ƙaro da gabat ta taimaka aka kafa a garuruwa da dama suna da bakin da mutum ɗaya ba shi da shi, a wurin ciniki da wurin kai ƙara.

Wannan ya kawo mu ga sashen da aka fi takewa. Doka ta wajabta wa gonakin damina na injina su bar kashi 10 cikin 100 na filinsu ga itatuwa, gonakin ban ruwa kuma kashi 5. Mashru'i mai faddan 1,000 ke nan (faddan ɗaya kusan eka ɗaya ne) ya kamata a ga faddan 100 na itace a cikinsa. Wanda ya bi hanyar Gadarif ya leƙa ta tagar mota ya faɗa mini nawa ya gani. Tun da aka fara noman injina a yankin a shekarun 1940 ake tumɓuke daji, kuma dokar da ke kama mai amalanke da buhu biyu ba ta cika isa ƙofar mai faddan dubu ba. Mutanen gari na da damar tuna wa ofishin gabat wannan sashe a rubuce, musamman in mashru'in ya yi iyaka da su.

Ga wanda ba shi da fili kuma akwai tsarin tonjiya. Gabat na ba manomi yanki a cikin dajin gwamnati da ya lalace, bisa yarjejeniya, ya shuka dawa ko riɗi a tsakanin layukan ƙananan itatuwa na 'yan shekaru, ya yi musu noma ya tsare su daga dabba da wuta. In itatuwan sun rufe sai a matsa wani yanki. Amfanin gona nasa, itace na hukuma. A karanta takardar da kyau kafin a dangwala, a san shekara nawa ne da abin da za a biya.

Masu zama kusa da gandun namun dajin Dindir su lura cewa nasu hukuncin daban ne. An keɓe wurin tun 1935, yana ƙarƙashin dokar namun daji ta 1986, 'yan sandan namun daji ke tsaronsa, kuma takardar gabat ba ta ba kowa izinin shiga ɗibar zuma ko kiwo a can.

Garin da ke son layinsa ya yi amfani bana, a watan Satumba ake zaman lajna, ciyawa na da sauran ɗanye. A san wa zai kawo tarakta, wa zai ba da mai, gida nawa za su fito da fartanya, a kuma aika wa shugaban makiyayan da ke sauka kusa ranar da za a cinna wa tsakiyar layin wuta, don ya janye dabbobinsa.