Yara da kyanwoyin layi a hutun zafi: amsoshin tambayoyin iyaye a Makka da Jidda

Da an rufe makarantu, yara a unguwannin Misfala, Hindawiyya da Karantina kan koma wa kyanwoyin unguwa da tsuntsaye. Wasu ma goron Sallarsu suke kashewa a kansu. Ga abin da iyaye suka fi tambaya.

Me ya kamata yaro ya fara da shi?

Ruwa. A watannin Yuni zuwa Agusta zafin Makka kan haura digiri 40, kuma ƙishirwa ta fi yunwa saurin kayar da dabba. Mage mai nauyin kilo 4 tana buƙatar kusan mililita 200 a yini. A samu kasko na ƙasa, don yana riƙe sanyi. Kwanon ƙarfe kuwa in rana ta buge shi ruwan ba ya shawuwa. A ajiye a inuwa, nesa da inda motoci ke fakawa. Na tsuntsaye kada zurfinsa ya wuce santimita 5, a sa dutse a tsakiya don ƙaramin tsuntsu ya samu wurin tsayawa.

Sharaɗi guda ne, kuma ba a wasa da shi: a zubar da ruwan kullum, a goge cikin kaskon. Sauron da ke kawo zazzaɓin dengi a ruwa mai tsabta da ke kwance yake ƙwai, ƙwan kuma yana manne wa jikin kwano. Cikin kwana 7 zuwa 10 ya zama sauro. Jidda ta san wannan cuta tun 1994. Yaron da ba zai iya wanke kasko kullum ba, gara ya haɗu da ɗan maƙwabta su riƙa karɓa-karɓa.

Za a iya ba su ragowar kabsa, wato dafa-dukan shinkafa da nama?

Naman kaza da aka zare wa ƙashi, aka ɗauraye, ba laifi. Amma shinkafar da ta sha albasa da tafarnuwa a bar ta, don waɗannan biyun suna lalata jinin mage. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soke hanji. Madarar shanu ma, duk da yara sun ɗauka ita ce abincin mage, zawo take sa yawancinsu.

In yaro yana da riyalolinsa, ya sayi busasshen abincin mage. Babba guda tana cin giram 50 zuwa 60 a rana, wato leda mai kilo 2 za ta kai ta kusan mako biyar. A zuba daidai ci, da asuba ko bayan magariba, a kwashe abin da ya rage. Abincin da ya kwana a ƙofar gida ɓera da kyankyaso yake gayyata, daga nan sai rigima da maƙwabta.

'Yata ta tsinci jariran kyanwa a ƙarƙashin bene. Ta kwaso su?

Kada ta yi gaggawa. Sau da yawa uwar ta fita neman abinci ne, ko tana kwashe su ɗaya-ɗaya zuwa wani wuri. In suna barci, cikinsu a cike, jikinsu da tsabta, akwai mai kula da su. A ja baya a duba daga nesa na wasu sa'o'i. In suna rana, a matsar da su inuwa mafi kusa kawai.

In ta tabbata uwar ba ta dawowa, aikin ya fi ƙarfin yaro shi kaɗai. Jaririn da bai kai mako biyu ba ana shayar da shi duk bayan awa 2 zuwa 3, har da dare, da madarar gari ta jariran kyanwa da ake sayarwa a shagon dabbobi. A kwantar da shi rub-da-ciki lokacin sha. In aka rungume shi rigingine kamar jaririn mutum, madarar kan faɗa huhu, kuma hakan na kashe su. Bayan kowane sha a jiƙa auduga da ruwan ɗumi a shafa masa ƙasan wutsiya, don ba ya iya fitsari ko kashi da kansa sai ya kai wajen mako uku; lasar uwa ce ke yin wannan aikin. Kuma kada a ajiye kwalin a gaban mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Ƙasa da mako huɗu ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu, sanyin ɗaki kaɗai ya isa ya halaka su. A mako na huɗu ake fara gwada musu abinci mai laushi.

Tantabara ta faɗo saboda zafi, yaya za a yi?

A sa ta cikin kwali mai huji, a ajiye a inuwa, a sa mata ruwa a murfin kwalba kusa da ita, a ƙyale ta. Ɗura mata ruwa a baki shaƙe ta yake yi. In fiffike ne ya karye, sai likitan dabbobi. Yaran Makka kuma su san cewa tsuntsun cikin iyakar Harami ba a farautarsa, ba a ma firgita shi, kamar yadda ya zo a hadisi.

Mage ba ta da lafiya, a ba ta Panadol?

A'a. Ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Akwai lada a wannan, ko wasan yara ne?

Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo wa kare ruwa da huffinsa aka gafarta masa, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Na biyun ya shafi yaron da ya kulle mage a saman bene ya tafi ziyarar Sallah kwana uku.

In mage ta ciji yaro ko ta yakushe shi fa?

A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan a kai shi asibiti ranar, ko da ciwon ƙarami ne. Haƙorin mage siriri ne, yana cusa ƙwayar cuta can ciki bakin ciwon ya rufe, ga kuma batun ciwon haukan kare da likita ne zai yanke ko a yi allura. A hana yara taɓa dabbar da ke dalala ko tangaɗi. Ƙaramar kyanwa mai gashi zube-zube a kunne ko fuska kuwa wataƙila makero gare ta, yana kuma kama mutum, don haka a wanke hannu da sabulu kafin a zauna cin abinci.