Ƙungiyoyin masu wasan jirgin roba

Jirgin roba ƙaramin jirgin sama ne da aka fi haɗawa da itacen balsa da takarda mai shara-shara. Ba shi da inji ko batir; zaren roba ake murɗawa a cikinsa, yana warwarewa yana juya farfela. Wani Bafaranshe, Alphonse Pénaud, ya tashi irinsa a bainar jama'a a lambun Tuileries na Paris a 1871.

Da zarar an saki jirgin, sai inda iska ta kai shi, domin ba a sarrafa shi daga ƙasa. Shi ya sa wasan yake da wuya ga mutum shi kaɗai. Ana buƙatar makeken fili marar bishiyoyi, ko babban zaure mai dogon rufi, kuma ƙungiya ce ke iya samo izinin irin waɗannan wurare. Sannan ga saiti, wanda ba a cika koyonsa daga littafi ba. Jirgi zai ɗaga hanci ya tsaya cak ya faɗo. Tsohon hannu ya duba, ya cusa ɗan siririn kwali a bayan maƙalar farfela, ko ya liƙa ɗan laka a hanci, sai ka ga ya hau sama yana kewaye. A wurin tsofaffin hannu ake ganin yadda ake shafa wa roba mai, a ja ta ta miƙe kafin a murɗa.

A Amurka, AMA, babbar ƙungiyar masu wasan ƙananan jirage da aka kafa a 1936, mai hedikwata a Muncie ta jihar Indiana, tana da jerin ƙungiyoyinta a intanet. Sai dai yawancinsu masu jirgin rimot ne, don haka gara mai nema ya tuntuɓi ƙungiyoyin masu jiragen da ba na rimot ba, wato National Free Flight Society ko Flying Aces Club, wadda take da rassa a garuruwa, take kuma babban taronta a Geneseo ta jihar New York. A Birtaniya BMFA ce uwar ƙungiyoyin.

Gasar duniya tana hannun FAI, hukumar wasannin sama ta duniya. Ajin F1B, na masu neman Kofin Wakefield, ba ya yarda roba ta wuce giram 30. Ajin F1D na cikin ɗaki ne, jiragensa ba su kai giram biyu ba, kuma an sha yin gasarsa a ramin haƙar gishiri na Slănic a Romaniya, inda iska ba ta motsi. Ɗan koyo kuwa yakan fara da ajin P-30, mai robar giram 10.