Shaye-shayen miyagun ƙwayoyi a Damagaram

Shaye-shaye shi ne amfani da abin da ke gusar da hankali ko sauya yanayin jiki ba da umarnin likita ba, ko kuma fiye da ƙimar da likita ya yanka. Idan abin ya kai ga mutum ba ya iya bari duk da yana ganin illar da yake yi masa, sai a ce ya zama jaraba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa wannan hali cikin cututtukan da ke buƙatar magani.

Tarihi

Tun kafin zuwan magungunan Turawa ƙasar Hausa ta san zaƙami, wanda ƴaƴansa ke sa ruɗewa da ganin abin da babu shi, ta kuma san taba da giyar dawa. Tabar wiwi kuwa ana kyautata zaton ta bazu a Afirka ta Yamma ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta hannun sojojin da suka dawo gida da ma'aikatan jiragen ruwa.

Babban sauyi ya zo da tramadol, wanda mutanen Damagaram ke kira tramol. Kamfanin Grünenthal na Jamus ne ya haɗa shi a 1962, aka fara sayar da shi a 1977 don rage raɗaɗin ciwo. A asibiti akan ba da miligiram 50 ko 100, kuma ba a son babban mutum ya wuce 400 a yini, amma wanda ake fasa-ƙwaurinsa yakan zo da ƙarfin 120, 200 ko 225 a ƙwaya guda. Mafi yawansa daga Indiya yake fitowa, a sauke shi a tasoshin ruwa irin na Kwatano da Lome, daga nan ya hauro arewa. Kusancin Zinder, wato Damagaram, da iyakar Najeriya, ta Magarya da Matamaye, da kasancewarta a kan tsohuwar hanyar fatake mai bi ta Tanut zuwa Agadas, sun sa kayan ba ya wuyar samu. A 2018 Indiya ta tsaurara dokar fitar da shi, a shekarar kuma Najeriya ta hana maganin tari mai kodin.

Masu sha

Da yawa ba don nishaɗi suke farawa ba. Ɗan kabu-kabu da zai wuni a rana, lebura mai dakon buhu a tasha, da manomi a lokacin noman farko sukan jefa ƙwaya cikin shayi ko kofi don kashe gajiya, kuma sukan same ta wurin masu tallar magani a faranti. A fadodin samari kuwa, wato wuraren zaman hirarsu, abokai ne ke koya wa juna. Yara ƙanana sun fi faɗawa shaƙar sholisho, domin shi ne mai araha.

Yadda jaraba take kama mutum

Waɗannan abubuwa suna sa ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin dofamin, mai kawo jin daɗi, fiye da kima. A hankali jiki ya saba, ƙwaya ɗaya ta daina isa, sai an ƙara. Ranar da mutum bai samu ba sai zufa, ciwon gaɓoɓi, hamma, zawo, rashin barci da saurin fushi su taso masa, kuma tsoron wannan wahala, fiye da neman daɗi, shi ke mayar da yawancin masu sha. Yawan tramol yana jawo faɗuwa irin ta farfaɗiya, abin da iyalai kan ɗauka aikin iskoki ne har a makara wajen zuwa asibiti. Haɗa shi da giya ko maganin barci yana iya tsayar da numfashi.

Doka da magani

Nijar tana aiki da dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 1999, kuma OCRTIS, hukumar ƙasar mai yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, ita ce ke farautar masu safara. Ana saɓani kan ko ya dace a kai mai sha gidan kaso ko asibiti. Magani ya ƙunshi rage ƙwayar sannu a hankali ƙarƙashin kulawar likita, tare da nasiha da goyon bayan iyali, kuma komawa sha bayan an bari abu ne da likitoci suka sani cikin ciwon, wanda ake ci gaba da jinya a kansa.