Sojan ruwa da kokawa: me ya haɗa su?

A majalisar shayinmu ta unguwar Nima a Accra, ƙanena mai neman aikin sojan ruwa ya ji labarin wani hafsa da ya ci lambar Olamfik a kokawa, ya tasa ni gaba da tambayoyi.

Yaya, wane ne wannan hafsan?

Josiah Henson ne, Ba'amurke. An haife shi a 1922, ya rasu a 2012. Ya yi makarantar hafsoshin ruwa ta Annapolis, ya kai muƙamin kyaftin. Yana cikin kaki ya ci lambar tagulla a Olamfik ta 1952 a Helsinki. Abin da ya fi burge ni, bai rabu da harkar ba bayan ya daina shiga fili, har aka sa sunansa cikin gwarzayen kokawa a gidan tarihinsu da ke Oklahoma.

Irin kokawarmu ce ta gargajiya?

Kama da wane ba ta wane. A tamu, da an kai ka ƙasa magana ta ƙare, makaɗa su ɗauki kirari. A tasu faɗuwa maki ce kawai. Sai an danne kafaɗunka biyu a katifa alƙali zai buga hannu. Zagaye biyu ake yi, kowane minti 3, da hutun daƙiƙa 30. A salon da ake kama ƙafa, wanda ya ba da ratar maki 10 ya yi nasara nan take. Kuma sai an hau sikeli tukuna, ba a haɗa ƙato da siriri.

To me soja ke samu a ciki?

Tsayuwar ƙafa da dogon numfashi. Wanda ya saba a fizge shi bai faɗi ba, tangaɗin jirgi ba zai ba shi wahala sosai ba. Sojojin duniya ma suna da gasarsu, an fara ta a Rum a 1995, da kokawa a ciki.

A nan Gana fa?

An kafa rundunar ruwanmu a 1959, manyan sansanoninta na Tema da Sekondi. A watan Maris na 2024 an yi kokawa a wasannin Afirka a nan Accra. Takaicina shi ne, dambe ya samu gida a unguwar Bukom, amma yaran zango masu kayar da juna a rairayin bakin teku, da wuya ka ga wanda ya taɓa taka katifar kokawa.