Ƙananan Jiragen Ruwa Masu Rimot

Ƙananan jiragen ruwa masu rimot jirage ne da ake ƙerawa da hannu, ko a sayo sassansu a harhaɗa, a ɗora su a kan tafki, mai jirgin yana tsaye a bakin ruwa yana tuƙa shi da na'urar rediyo. Tsawonsu yakan kama daga santimita 30 zuwa mita biyu. Harkar ta fi ƙarfi a Ingila, Jamus, Faransa, Amurka, Ostireliya da Niyu Zilan, inda masu sha'awarta suke haɗuwa a kulob, su nemi izinin amfani da tafki, su tsara tsere, su koya wa juna ƙira. Wanda ya hango su daga nesa zai ɗauka wasan yara ne. Amma yawancin masu yi manya ne, da dama ma sun yi ritaya, kuma jirgi ɗaya kan ci wa mutum watanni, wani lokaci shekaru, kafin ya taɓa ruwa.

Asali

Kulob ɗin sun girmi rediyo. Tun a ƙarni na 19 mutanen Landan suke sakin ƙananan jirage masu tafiya da iska a tafkin Round Pond da ke lambun Kensington, kuma a 1876 aka kafa ƙungiyar Model Yacht Sailing Association da ke amfani da wannan tafki. A Amurka an kafa kulob ɗin San Francisco a 1898, aka kuma gina tafkin Spreckels a 1904 musamman domin irin waɗannan jirage. Kulob ɗin Central Park na Niyu Yok ya biyo baya a 1916.

A wancan zamani babu yadda za a yi a juya jirgi idan ya bar gaɓa. Mutum zai daidaita filafilai, wato ƙyallayen da ke kama iska, ya saki jirgin, sannan ya zaga da sauri zuwa ɗaya gefen tafkin ya tare shi da doguwar sanda ya juyo da shi. Daga baya aka ƙirƙiro wani ɗan fiffike da ake kafawa a bayan jirgi, iska tana kaɗa shi, shi kuma yana motsa majuyi, wato ɗan allon da ke cikin ruwa mai juya akalar jirgi. Har yau akwai masu riƙe da wannan tsohuwar hanya a Ingila, a tafkunan Fleetwood da Gosport.

Jirgin ruwa na farko da aka nuna wa jama'a ana tuƙa shi da rediyo shi ne na Nikola Tesla, a Madison Square Garden da ke Niyu Yok, a 1898. Sai dai an daɗe abin bai isa hannun talaka ba, domin na'urorin farko manya ne, masu nauyi da cin batir. Sai da aka samu tiransista, kayan suka ƙanƙance, sannan a shekarun 1960 aka fara samun rimot ɗin da idan ka ɗan karkata sandarsa kaɗan, majuyi ma ya karkata kaɗan. Wannan ne ya mai da tuƙin ya zama gwaninta ta gaske. Ƙungiyar NAVIGA, mai kula da gasannin ƙasa da ƙasa, an kafa ta a 1959, ita kuma American Model Yachting Association a 1970.

Ire-irensu

Masu harkar sun kasu gida uku, kuma kowane gida da irin mutanensa.

Akwai masu kwaikwayon jirage na ainihi: jirgin da ke jan manyan jirage a tashar ruwa, jirgin kamun kifi, na ceto, na yaƙi, na fasinja. Burinsu jirgi ya yi kama da na asali har ƙofa da tsani da fitila, wani ma har tsatsar jikin ƙarfe yake zanawa da fenti. Gasarsu ta nutsuwa ce: alƙalai su duba kyan aiki, sannan mai jirgi ya ratsa da shi ta tsakanin alamomin da ke yawo a ruwa, ya kawo shi gaɓa ya tsayar ba tare da ya bugi komai ba. Wasu cikinsu da injin tururi na gaske suke aiki, da 'yar tukunya ta tagulla da gas ke tafasa ruwanta.

Akwai masu gudu. Nasu jiragen suna amfani da injin lantarki, ko ƙaramin injin fetur, ko wanda ke shan methanol, kuma mafi saurinsu suna wuce kilomita 100 a awa. A Amurka ƙungiyar IMPBA, wadda aka kafa a 1949, tana cikin masu tsara tserensu. Ƙarar injin mai ta sa an hana su shiga tafkuna da yawa na cikin gari, shi ya sa na lantarki suka yi ta ƙaruwa.

Sai masu tafiya da iska kaɗai, waɗanda suka fi kowa tsarin gasa. An raba jiragensu aji-aji. Ajin Marblehead, wanda Roy Clough ya fito da shi a 1930 a garin Marblehead na jihar Massachusetts, tsawonsa inci 50 ne, faɗin filafilansa kuma murabba'in inci 800. Ana cewa ya zaɓi wannan tsawo ne don jirgin ya shiga kujerar baya ta mota. Ajin International One Metre, na 1988, shi ne ya fi yaɗuwa a manyan gasanni: tsawonsa mita ɗaya, nauyinsa kada ya gaza kilo 4, kuma an taƙaita kayan da za a gina jikinsa da su don kada mai kuɗi ya sayi nasara. Ajin RG65 daga Ajantina ya fito, shi kuwa Footy dole ya shige cikin akwati mai tsawon ƙafa ɗaya.

Bayan waɗannan akwai jirage masu nitso, da kuma wasan yaƙi da ya faro a Texas a ƙarshen shekarun 1970, inda ake gina jiragen yaƙi a ma'aunin 1:144, wato an rage tsawonsu sau 144, da jiki na siririn katakon balsa, suna harbin juna da 'yan ƙananan ƙwallayen ƙarfe har ɗaya ya nutse. A tsamo shi, a liƙe ramukan, ya koma fagen fama. Kowa a wurin sai ya sa tabarau na kariya.

Abin da ya sa ƙaramin jirgi yake da nasa hali

Nan ne ilimin harkar yake, kuma nan ne sabon shiga ya fi yin tuntuɓe. Ana iya rage jirgi, amma ruwa da iska suna nan yadda suke. Idan aka rage tsawon jirgi sau 10, faɗin filafilansa ya ragu sau 100, nauyinsa kuwa sau 1,000. Iskar da ke kaɗawa a tafki kuwa ba ta san an yi ragi ba. Saboda haka jirgin da aka kwafa daidai da na asali zai kwanta a gefe da zarar iska ta taso. Maganin da maƙera suka samo shi ne su sa masa dogon fiffike siriri a ƙarƙashi, su rataya dunƙulen dalma a ƙarshensa. A ajin mita ɗaya wannan fiffike da dalmarsa suna kai kilo 2.2 zuwa 2.5, fiye da rabin nauyin jirgin ke nan. Kuma kowane jirgi na wannan aji yana da filafilai kashi uku, babba da matsakaici da ƙarami, a sauya gwargwadon ƙarfin iskar ranar.

Masu kwaikwayon jiragen inji kuma matsalarsu ta juye: jirginsu yakan yi rashin nauyi. Jirgi mai tan 1,000 idan aka rage shi sau 50, dole ƙaramin ya kai kilo 8 kafin ya zauna a ruwa daidai layin da aka zana masa. Katako da batir ba sa kai haka, sai an jera dalma a can ƙasan cikinsa. Yawanci a bahon wanka na gida ake wannan gwaji, ana ƙara dalma ana matsar da ita har jirgin ya daina karkata.

Gudu ma da nasa lissafi, wanda ya samo tushe daga binciken injiniya William Froude na Ingila a ƙarni na 19. Jirgin da aka rage sau 100, gudunsa sau 10 kawai ya kamata ya ragu. Idan na asalin yana kilomita 30 a awa, ƙaramin ya yi 3. A wannan gudun ne igiyar ruwan da yake tayarwa take kama da ta babban. Jirgin dakon kaya da ke tsala gudu a tafki ya ɓata wahalar mai shi, komai kyan fentinsa.

Ƙira da kayan ciki

Tsohuwar hanya ita ce a yanka haƙarƙarin jirgi daga falankin katako bisa zane, a kafa su a kife a kan allo, a riƙa liƙa siraran katako ɗaya bayan ɗaya har jiki ya rufu. Kowane sai an fere gefensa ya zauna a jikin ɗan'uwansa, a danne shi da allurai har gam ya bushe. Sannan a goge, a cike ƙofofi, a sake gogewa, a lulluɓe da zaren gilashi da gam mai hana ruwa shiga. Yanzu da yawa suna sayen jikin da aka riga aka zuba na roba ko zaren gilashi, wasu kuma suna buga sassa da injin ɗab'i na 3D.

Cikin jirgi akwai na'urar da ke karɓar saƙon rimot, da batir, da sarbo, wani ɗan inji da ke juya majuyi. Jirgin iska yana da inji na biyu mai jan igiyar filafili da sassauta ta, kuma waɗannan biyun su ne duk abin da matuƙi yake da iko a kai. Jirgin lantarki yana da na'urar daidaita gudu, da sandar ƙarfe da ke fita ta cikin bututu zuwa farfela. Ana cika bututun da giris, don nan ce ƙofar da ruwa ya fi bi. Bakin murfin jirgi kuma a liƙe shi da tef kafin a sa shi a ruwa. Ɗigo kaɗan ya isa ya kashe na'ura, musamman ruwan gishiri. Batirin LiPo yana da ƙarfi ga rashin nauyi, amma yana iya kamawa da wuta idan ya huje ko aka yi masa caji ba bisa ƙa'ida ba.

A da, rimot yana aiki ne a mita 27 ko 40 megahaz a Ingila, 27 ko 75 a Amurka. Idan mutum biyu suka kunna a mita iri ɗaya, jirgin wani sai ya bi umarnin wani. Don haka kowane kulob yana da allo da aka jera 'yan maƙalai a kai, kowanne da lambar mitarsa. Ba ka kunna rimot sai maƙalin yana hannunka. Zuwan na'urorin 2.4 gigahaz a tsakiyar shekarun 2000 ya kawar da wannan damuwa. Masu jiragen nitso kuwa sun ci gaba da tsofaffin mitoci, domin saƙon 2.4 gigahaz ba ya ratsa ruwa.

Kulob da tsere

Mutum zai iya gina jirgi shi kaɗai a ɗakinsa, amma da wuya ya samu ruwa shi kaɗai. Kulob ne ke yarjejeniya da hukumar gari ko mai tafki, ya biya inshora, ya share ciyawar ruwa da ke naɗe farfela, ya tanadi kwale-kwalen ɗauko jirgin da ya mutu a tsakiya. Ana gargaɗin membobi kada su yi iyo don ceto jirgi, domin ruwan sanyi na waɗannan ƙasashe yana kisa. Inda babu kwale-kwale, sai a ɗaure ƙwallon tanis a zaren sandar kamun kifi, a jefa ta bayan jirgin a jawo shi a hankali.

Tseren jiragen iska yana bin dokokin manyan jirage ne, da wani rataye na musamman da ake kira Appendix E. Matuƙa suna tsayawa a wuri guda da aka keɓe, lasifika tana ƙirga daƙiƙu, jirage suna kai da komo a bayan layi, kowa yana son ya tsallaka daidai lokacin da aka ba da alama. Jirgin da iska ke bugowa ta damansa shi ke da hanya a kan wanda take bugowa ta hagu. Wanda ya yi laifi ya ware gefe ya yi juyi ɗaya cikakke kafin ya ci gaba. Na ɗaya yana samun maki 1, na biyu 2, mai mafi ƙarancin maki a ƙarshen rana shi ya ci. Idan jirage sun yi yawa sai a raba su rukuni-rukuni, na gaba a kowane rukuni su hau sama, na baya su sauko.

Abu biyu ne suke wahalar da sabon matuƙi. Idan jirgi ya fuskanto shi, dama da hagu sukan rikice masa a hannu. Sannan daga nisan mita 50 ido ba ya iya tantance ko jirgi ya wuce alama ko bai kai ba. Tsofaffin hannu sukan tsaya kusa da shi suna faɗa masa lokacin juyawa, har idonsa ya saba.

Damuwar kulob da yawa ita ce membobinsu suna tsufa. Jirage masu araha da ake saye kusan a haɗe, irin su DragonForce 65 da ya fito a 2013, sun jawo sababbin mutane masu yawa, domin duk iri ɗaya ne, kuma mutum zai iya shiga tsere cikin 'yan kwanaki da sayensa. Wasu tsofaffin maƙera suna ganin hakan zai sa a manta da aikin katako, kuma damuwarsu tana da tushe. Shi ya sa wasu kulob ɗin suke shirya zaman koyon ƙira a lokacin hunturu, sa'ad da sanyi ya hana fita tafki, inda ake ara wa sabon shiga zane da kayan aiki ya gina jirginsa na farko.