Me ake nufi da "sukari ya faɗi" ga yaron da ake yi wa allurar insulin?

Idan likita ya ce sukarin yaro ya faɗi, yana nufin sukarin da ke cikin jininsa ya yi ƙasa da 70 a na'urar gwaji mai awo da mg/dL, ko ƙasa da 3.9 a mai awo da mmol/L. Iyaye su san wace iri ce tasu na'urar, domin 70 da 3.9 abu ɗaya suke nufi. Idan ya sauka ƙasa da 54, wato 3.0, lamarin ya yi tsanani. Ƙwaƙwalwa da sukarin jini take aiki, kuma ba ta da rumbun ajiyarsa. Shi ya sa hawan sukari kan ɗauki sa'o'i ko kwanaki kafin ya kwantar da yaro, amma faɗuwarsa cikin 'yan mintuna take kayar da shi.

Da fari za a ga gumi mai sanyi, rawar hannu, bugun zuciya da yunwa ta farat ɗaya. In ba a lura ba sai yaro ya fara rigima babu dalili, magana ta sarƙe, ya riƙa tangaɗi ko ya ƙura wa wuri ɗaya ido, daga nan sai suma ko jijjiga. A nan ne gidaje da yawa ke cewa iska ce, a ɗauko turare ana tofi, lokaci na wucewa. Addu'a ba ta hana a ba yaro sukari, a haɗa su tare. Ƙaramin yaro ba ya iya cewa "jikina na rawa", don haka duk canjin halin da ba a saba gani ba, a gwada. A wanke masa hannu tukuna, domin ruwan mangwaro ko alewa a yatsa yana sa na'ura ta nuna adadi sama da gaskiya. In babu na'ura kusa, a ɗauka faɗuwar ce a yi magani.

Maganin sukari ne mai saurin shiga jini, giram 0.3 ga kowane kilo na nauyin yaro. Mai kilo 30 yana buƙatar kamar giram 9, wato ƙaramin cokalin shayi biyu na sukari a dama da ruwa kaɗan. Mai kilo 50 zuwa sama, cokali uku, ko lemon kwalba kamar mililita 150, ba irin marar sukari ba. A zaunar da shi, a jira minti 15, a sake gwadawa. In har yanzu yana ƙasa da 70 a maimaita. Cakulan, ƙosai ko fura da nono ba su dace da wannan matakin ba, saboda maiƙo yana jinkirta shigar sukari cikin jini. Wurinsu bayan ya dawo daidai ne: sai a ba shi burodi, masa ko fura don kada ya sake sauka, musamman in lokacin cin abinci da saura.

Yaron da ya suma ko yake jijjiga, ba a ɗura masa komai a baki, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi a gefensa, a shafa ɗan zuma ko jiƙaƙƙen sukari a cikin kuncinsa, a tafi asibiti mafi kusa nan take. Idan akwai allurar gulukagon a gida, wato allurar gaggawa mai ɗaga sukarin jini, 0.5 mg ake yi wa mai ƙasa da kilo 25, 1 mg ga wanda ya fi haka. A Sakkwato akwai sashen gaggawa na yara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Kalmar farko da za a faɗa wa ma'aikata ita ce yaron yana allurar insulin.

Dalilin da aka fi gani shi ne an yi allura, yaro ya ƙi cin abinci ko girki ya makara. Insulin mai haske kamar ruwa iri-iri ne; wanda ake kira Regular ana yin sa minti 30 kafin ci, ƙarfinsa ya kai ƙololuwa bayan awa 2 zuwa 4. Mai kama da madara ya fi jinkiri, shi ne kan kama yaro da tsakar dare, sai a tarar da shimfiɗa jiƙe da gumi, ya tashi da ciwon kai. Kada a zuƙo allura sai an ga abinci ya kusa sauka. Wasan ƙwallo da yamma yana ci gaba da sauke sukari har cikin dare, saboda haka a ranar da yaro ya yi guje-guje a gwada kafin barci, a sake da misalin ƙarfe 2 ko 3. Zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da Sakkwato ke haura digiri 40, yana sa insulin saurin shiga jini. Amai, gudawa da zazzaɓin cizon sauro ma suna iya saukar da sukari, haka azumi, wanda bai wajaba kan yaron da bai balaga ba.

Akwai kuskure guda da ya kamata kowane gida ya kiyaye. Sirinjin insulin iri biyu ne, U-40 da U-100, kowanne an yi shi ne don insulin mai irin lambarsa. In aka zuƙi insulin U-100 da sirinjin U-40, yaro zai sami ninki biyu da rabi na abin da likita ya rubuta. A karanta jikin kwalba da jikin sirinji duk sanda aka sayo sabo.

Bayan irin wannan firgici wasu iyaye kan daina allurar gaba ɗaya. Kada a yi haka, jikin yaron ba ya yin insulin, kuma dainawa na iya kai shi ga doguwar suma cikin kwana ɗaya ko biyu. A rubuta lokaci, adadin da na'ura ta nuna, abin da ya ci da allurar da aka yi, a kai wa likita ya gyara awon. Malamin boko da na Islamiyya su san alamun, a kuma ƙulla sukari a leda a saka wa yaro a aljihu duk inda za shi.