Canza mamurɗan jitar lantarki: auna ramin kafin ka saya

Mamurɗai su ne ƙarafunan nan shida da ke kan jita, waɗanda ake murɗawa don ɗaure tsirkiya ko sassauta ta har sauti ya zo daidai. Canza su aiki ne da mai jita zai iya yi da kansa a kan teburi, amma a nan ne kuma mutane da yawa ke ɓata kan jitarsu, saboda sun sayo kaya kafin su auna ramukan da za su shiga. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Jitata ba ta riƙe saiti. Mamurɗan ne suka lalace?

Sau da yawa ba su ba ne. A cikin kowane mamurɗi akwai giya iri biyu: ɗaya mai tiredi kamar sukuru, wadda kunnen da kake murɗawa ke juyawa, ɗaya kuma mai haƙora a gindin sandar da tsirkiya ke naɗuwa a kai. Yadda aka haɗa su, kunne ne ke iya juya sanda, amma jan tsirkiya ba ya iya juya kunne baya. Don haka ko mamurɗi mai arha da wuya ya warware da kansa.

Wurin da ya kamata ka fara dubawa shi ne ɗan jakin nan mai tsaga shida da ke tsakanin wuya da kai. Idan tsagar ta matse tsirkiya, za ka yi ta murɗawa sauti bai motsa ba, sai ka ji wani ɗan "kit", sautin ya yi tsalle ya wuce inda kake so. Ka goga bakin fensir a cikin tsagar ka gani. Sai kuma naɗin tsirkiya: zagaye biyu zuwa uku a masu kauri, ƙari kaɗan a sirara, kowane zagaye a ƙarƙashin na baya, ba hawa kan juna. Sabuwar tsirkiya ma sai an ja ta da hannu ta gama miƙewa.

Mamurɗi na bukatar canji idan sandarsa na girgiza a raminta, ko kunne na yin yawo sosai kafin sanda ta motsa, ko haƙorin giya ya cinye yana tsallake. Akwai kuma mai canzawa don yana son masu kulle tsirkiya ko wani fasali, wannan ma dalili ne.

Na yanke shawarar canzawa. Me zan fara yi?

Cire mamurɗi guda ɗaya gaba ɗaya, har da bushin ɗinsa, wato zoben ƙarfen da ke zaune a bakin ramin ta gaba, ka auna ramin katakon tsirara. Kada ka dogara da sunan kamfani ko hoton da ka gani a intanet, domin kamfani ɗaya kan yi amfani da girma daban-daban gwargwadon shekara da masana'antar da aka ƙera jitar. Rula ba za ta yi ba, tunda duk bambancin da ake magana a kai bai kai milimita ɗaya da rabi ba. Nemi kalipa, ma'aunin nan mai baki biyu da ke nuna ɓangaren milimita. Auna ramin ta gaba, ka juya ka auna ta baya, don akwai ramin da bayansa ya fi gabansa faɗi. Idan babu kalipa, ka riƙa zura gindin bakin injin huda mai lamba har ka sami wanda ya cika ramin daidai.

Da wannan lambar a hannu, sai ka nemi zanen awo na mamurɗin da kake so. Kamfanonin mamurɗai irin su Gotoh da Schaller da Grover da Hipshot duk suna fitar da irin wannan zane.

Girman rami iri nawa ne?

A jitar lantarki, manyan gidaje biyu ne.

Na farko shi ne tsohon salo, irin na kamfanin Kluson na Chicago, wanda Fender da Gibson suka riƙa sa wa jitocinsu a shekarun 1950. Jikin mamurɗin na kwance a bayan kai, sukuru na riƙe shi, sanda kaɗai ke ratsa katako. Kaurin sandar kusan rubu'in inci ne, wato milimita 6.35, kodayake wasu na Asiya 6 cif ne. Ta gaba ana danna bushin mai zara-zara a jiki, ya kama katako da matsi kawai. Ramin irin wannan yana kusa da inci 11/32, kimanin milimita 8.7.

Na biyu shi ne na zamani, mai rufaffen jiki da man giris a ciki, irin Grover Rotomatic da Schaller M6 da yawancin na Gotoh. Shi wannan yana da wuya mai kauri da ke shiga cikin katako ta baya, sai a sa washa ta gaba a ɗaure da noti mai tiredi. Raminsa milimita 10 ne. A ma'aunin Amurka za ka ga an rubuta inci 25/64 ko 13/32, wato milimita 9.9 da 10.3, duk gida ɗaya ake nufi.

Shawarata a nan ba ta da kwana-kwana: sayi wanda ya dace da ramin da kake da shi. Yau kusan babu abin da za ka nema a rami mai 10 da ba za ka samu a mai 8.7 ba. Ana ƙera masu kulle a siffar Kluson, ana kuma ƙera masu kamannin tsohon salo da ke ɗaurewa da noti a rami mai 10. A shekarun 1960 da 1970 makaɗa da yawa sun cire Kluson daga jitocinsu na Gibson samfurin Les Paul sun faɗaɗa ramuka sun sa Grover, kuma har yau wannan aikin na rage darajar irin waɗannan tsofaffin jitoci a wurin masu tara su. Katakon da aka cire ba ya komawa.

Ramukana 10 ne, amma na riga na sayi na tsohon salo. Na yi asara?

A'a, wannan ne mai sauƙi. Akwai bushin na musamman da ake sayarwa don wannan matsalar: wajensa ya kai faɗin babban rami, cikinsa kuma daidai da siririyar sanda. Abu ɗaya za ka kula, cikin bushin ya dace da sandarka, 6 ko 6.35, domin idan ya yi faɗi sanda za ta karkata da jan tsirkiya, idan ya matse kuma ba za ta juya ba. Ka kuma sani cewa tsohuwar washa kan bar zoben tabo a fenti, wanda ba lallai ne leɓen sabon bushin ya rufe ba.

Idan kuma ramin ne ya yi ƙanƙanta fa? Zan iya buɗe shi da injin huda?

Nan ne ake kuka. Bakin huda na yau da kullum, mai murɗaɗɗen jiki, an yi shi ne don ya fara rami a katakon da ba a huda ba. Idan ka sa shi a ramin da ya riga ya wanzu, tsininsa ba shi da abin da zai dafa, sai gefunansa su cafki bakin ramin lokaci guda su fizgi kansu ciki. Cikin ƙiftawar ido fenti ya ɓalle, katako ya tsage ta inda bakin ya fita, wani lokaci ramin ya kauce daga tsakiya. A kai irin na Fender, inda ramuka shida ke jere kusa da juna a layi ɗaya, tsagewa na iya bin jijiyar katako daga wannan rami zuwa wancan.

Abin da ya dace shi ne rima, wani ƙarfe mai tsini da wuƙaƙe a tsaye wanda ake juyawa da hannu. Yana kankare katako a hankali, yana kuma zama a tsakiya da kansa. Da yake siriri ne ta gaba mai kauri ta baya, ramin da yake yi ma haka yake fitowa, shi ya sa ake aiki kaɗan ta baya, kaɗan ta gaba. Naɗa salatif a jikin rima a daidai inda kaurinsa ya kai 10 don kada ka wuce. Juyi biyu ko uku, ka cire, ka hure garin, ka gwada mamurɗin. Ana so ya shiga da ɗan turawar yatsa, ba da duka ba, ba kuma yana rawa ba.

Akwai dabarar da masu gyaran jita ke so, kuma ni ma ita nake fifitawa. Wuyan mamurɗin zamani ne kaɗai ke bukatar 10, shi kuma ta baya yake shiga, ba ya kai wa gaba. Notin da ke shiga ta gaba kusan milimita 8 ne, yana wucewa ta tsohon ramin lafiya. Saboda haka ana iya faɗaɗa bayan kawai zuwa zurfin da wuyan ke bukata, a bar gaban yadda yake. Akwai rima na musamman mai hanci da ke bin tsohon ramin don wannan aikin. Amfaninsa shi ne fuskar jitar ba ta taɓu ba, kuma duk ranar da ka so komawa tsohon salo, bushin ɗinka na asali zai zauna daram.

Idan jitar tsohuwa ce mai daraja, ko fentinta irin na da ne mai saurin fashewa, kai ta wurin ƙwararre. Haka ma idan wani ya riga ya ɓata ramin har sai an toshe shi da katako an sake hudawa.

Yaya ake cire tsohon bushin?

Ta baya ake turo shi. Kada ka cusa sukundireba ƙarƙashin leɓensa ka ɓanɓaro, fenti zai biyo shi. Fara zagaye gefensa da bakin reza a hankali don raba shi da fentin da ya manne, sannan ka zura ɗan sandan katako ko ƙarfe ta baya ka riƙa bugawa kaɗan-kaɗan, kana zagayawa, kan jitar na kan abu mai laushi. Wajen sa sabo kuma matsa shi ake yi da mamatsi da ɗan katako a tsakani. Idan ya ƙi shiga, ƙara kankare ramin. Tilasta shi na iya raba kan biyu. Idan ya ɗan yi sako-sako, shafa siririn sufa gulu a bangon ramin, bari ya bushe sarai, sannan ka danna. Ramin kake ragewa, ba manne bushin kake yi ba.

Babban ramin ya dace, amma ƙananan ramukan baya ba su zo daidai ba.

Wannan ya zama ruwan dare, don kowane kamfani da inda yake sa abin da ke hana mamurɗi juyawa. Wasu sukurunsu na ƙasa kai tsaye, wasu a karkace. Da yawa daga na Fender na zamani ba su da sukuru, ƙananan ƙusoshi biyu ne a jikinsu da ke shiga katako. Na Sperzel ƙusa ɗaya ce. Na Kluson masu layi ɗaya kuwa raba sukuru suke yi da maƙwabta, bakwai ne ke riƙe guda shida.

Idan ba ka son sabon huji, Hipshot na da faranti da ke zama a ƙarƙashin mamurɗai ya riƙe su ba tare da sukuru ba, Graph Tech ma na haɗa nasa da ƙananan farantai da ke bin tsofaffin ramuka.

Idan za ka huda, jera duka shida tukuna, ka ɗaure noti da yatsa kawai, ka ɗora rula a gefensu su miƙe, sannan ka yi alama da tsinin allura. Yi amfani da baki mai kusan milimita 1.5, ka naɗa masa salatif a iyakar tsawon sukurun, don kaurin kai bai fi milimita 14 zuwa 16 ba a yawancin jitoci, kuma ɓullowa ta fuska abin takaici ne. Kada ka tsallake wannan hujin jagora. Katakon mapul na wuyan Fender yana da tauri, sukurun kuwa ƙanana ne, kansu na gutsirewa ya bar jiki a ciki. Goga wa kowanne kakin kyandir ko busasshen sabulu, ka ɗaure da hannu. Tsofaffin ramuka a toshe su da tsinken sakace da gam ɗin katako. Babban notin gaba, wanda yawanci sifana mai lamba 10 ke kamawa, a ɗaure shi ya zauna kawai. Idan ka matsa da ƙarfi washa za ta nutse cikin fenti.

Ban da rami, me kuma ake mantawa?

Ɓangare. Shida a layi ɗaya irin na jitocin Fender, Stratocaster da Telecaster, daban suke da uku-uku irin na Les Paul, kuma jitar bahago ko mai juyayyen kai tana bukatar na ɗaya hannun. Sai tazara: a tsohon salon Fender kusan milimita 23.8 ne daga tsakiyar rami zuwa na gaba, don haka mamurɗi mai babban jiki ko faffaɗan kunne zai gogi ɗan'uwansa. Sai tsayin sanda, wanda dole ya isa ramin tsirkiya ya fito sama da washa. Wasu saiti na zuwa da sanduna masu tsayi daban-daban, dogaye na tsirkiyoyi masu kauri kusa da jaki, gajeru can nesa, kada ka hautsina su. Nauyi ma abin dubawa ne: jita irin Gibson SG dama kanta na son rinjaya ƙasa idan an rataye ta, mamurɗai masu nauyi na ƙara mata.

Mai 18:1 ya fi mai 14:1? Masu kulle fa?

Lambar na nufin sau nawa za ka juya kunne kafin sanda ta zagaya sau ɗaya. Mai 18:1 ya fi sauƙin tsayawa daidai kan sauti, amma ya fi cin lokaci wajen naɗa sabuwar tsirkiya. Ba ya ƙara riƙe saiti.

Masu kulle, waɗanda Sperzel ya yi suna da su tun shekarun 1980, tsirkiya suke kullewa a cikin sanda, ba giya ba. Ka zura, ka ja ta miƙe, ka ɗaure ɗan faifan baya, ka murɗa ƙasa da zagaye ɗaya, ka yanke saura. Tunda babu naɗi, babu abin da zai sassauta ya sake kamawa a wani wuri, kuma mai yawan amfani da sandar girgiza sauti zai ji bambancin. Canjin tsirkiya ma na zama na 'yan mintoci. Amma idan tsagar jaki na cije tsirkiya, sai an gyara ta tukuna, in ba haka ba matsalar na nan ko da sababbin mamurɗan.